FreeStyle Libre 2 da hawan sukarin bayan karin kumallo: sharhin mai ciwon sukari nau'i na ɗaya

Duk wanda ke rayuwa da ciwon sukari nau'i na ɗaya ya san cewa sa'o'in da ke tsakanin karin kumallo da hantsi su ne mafi wuyar sha'ani a cikin yini. Mutum zai tashi da asuba ya auna ya ga sukarinsa daidai, ya yi allura yadda likita ya tsara masa, ya ci abin da ya saba ci, amma kafin ƙarfe tara sai ƙishirwa ta taso, kai ya yi nauyi, fitsari ya matsa, in an sake aunawa a tarar sukarin ya haura 250. Zuwa azahar kuma sai ya sauko, wani lokaci ma ya zarce ƙasa har jiki ya ɗauki rawa. Saboda wannan matsala na sayi FreeStyle Libre 2, wata na'urar auna sukari da ake mannawa a jiki, kuma a kan wannan matsala zan auna shi: ko yana taimaka wa mai allurar insulin ya shawo kan hawan sukarin safe, kuma ko taimakon ya kai kuɗin da ake zubawa.

Hukuncina a taƙaice shi ne cewa ya kai, amma ba ta hanyar da yawancin masu saye suke zato ba. Na'urar ba ta sauke sukari ko da ɗigo ɗaya. Amfaninta shi ne nuna wa mutum lokacin da sukari ya fara tashi, da saurin tashinsa, da lokacin da insulin ya cim masa, kuma wannan sanin ne ke sauya yadda ake tunkarar karin kumallo.

Kamfanin Abbott na Amurka ne ke yin ta. Samfurin farko ya shiga kasuwar Turai a 2014, Amurka ta amince da shi a 2017, sai Libre 2 ya biyo baya a Turai a 2018 da ƙarin ƙararrawar gargaɗi. Abin da ake mannawa a jiki ɗan farin faifai ne mai faɗin milimita 35 da kaurin milimita 5, ana ɗora shi a bayan dantse da wani matsi da ke zuwa cikin kwalin. Allurar da ke cikin matsin tana shiga ta fito nan take, ta bar wani siririn zare mai laushi a ƙarƙashin fata. Zafin bai kai na tsira yatsa ba. Bayan an kunna faifan sai a jira minti 60 kafin ya fara ba da sakamako, daga nan ya yi aiki kwana 14 dare da rana. Yana aunawa kowane minti, yana ajiye sakamako duk bayan minti 15, kuma abin da yake iya riƙewa na sa'a 8 ne, saboda haka wanda ya daɗe fiye da haka bai karanta shi ba zai tarar da giɓi a layin da ke nuna hawa da saukar sukarinsa. Ana karanta shi da 'yar na'urar kamfanin, wato makaranci, ko da wayar hannu mai NFC (fasahar da ke karanta faifan idan an kai wayar kusa da shi) ta manhajar LibreLink. Ba ya buƙatar a riƙa daidaita shi da jinin yatsa, domin an daidaita shi tun daga masana'anta.

Kafin a fahimci darajar abin da faifan ke nunawa da safe, sai an san dalilin da ya sa safiya ta bambanta da sauran lokuta. Tun daga tsakiyar dare zuwa ketowar alfijir jiki yana sakin wasu sinadarai, musamman kotisol da sinadarin girma, waɗanda ke sa hanta ta zuba sukari cikin jini, kuma su rage wa insulin ƙarfi. Mai lafiya ba ya jin komai, domin jikinsa yana ƙara insulin daidai gwargwado ba tare da ya sani ba. Mai nau'i na ɗaya kuwa ba shi da insulin sai wanda ya shigar da hannunsa. Wannan ne ya sa mutane da yawa ke buƙatar insulin fiye da na sauran lokuta a kan abinci iri ɗaya idan da safe aka ci shi. A kan wannan kuma sai a ɗora irin abincin da muka saba karyawa da shi, wanda yawancinsa ruwa-ruwa ne mai sitaci da sukari, ba ya daɗewa a ciki.

Ma'aunin da ƙungiyar masu kula da ciwon sukari ta Amurka ta sa wa yawancin manya shi ne 80 zuwa 130 mg/dL (awon yawan sukari a jini) kafin abinci, kuma kada ƙololuwar ta kai 180 a cikin sa'a ɗaya zuwa biyu da fara ci. Wanda mitarsa ke nuna mmol/L sai ya raba da 18, wato 180 ta zama 10. A Nijar kuma, inda aka saba da giram a lita, 1.8 ke nan. Matsalar mitar yatsa ita ce tana ba da adadi ɗaya a lokacin da aka tsira yatsan, ba ta faɗin abin da ya gabata ko abin da ke tafe. Wanda ya auna kafin karin kumallo ya ga 110, ya sake aunawa kafin abincin rana ya ga 120, zai ɗauka komai ya tafi daidai, alhali a tsakanin nan sukarin ya yi sa'a biyu ko uku a sama da 200. Irin wannan ne ke sa gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukari na wata uku, ya fito da yawa, mai ciwo da likitansa su rasa daga ina.

Abu na farko da faifan ya bayyana mini, kuma shi ne mafi girman abin da na samu daga gare shi, shi ne cewa matsalar safiya ta fi alaƙa da lokacin allura a kan yawan insulin. Insulin mai saurin aiki, irin NovoRapid da Humalog da Apidra, yana fara aiki ne bayan minti 10 zuwa 20, ƙarfinsa ya kai ƙololuwa bayan sa'a ɗaya ko fiye, ya ci gaba har sa'a uku zuwa biyar. Koko mai sukari kuwa ba ya jiran kowa. Cikin rubu'in sa'a layin ya riga ya ɗaga kai. Idan aka yi allura a daidai lokacin da aka ɗauki ludayi, abincin ya riga insulin isa da tazara mai yawa. A jikin waya abin a fili yake: layi ya miƙe sama kamar wanda ke hawan Dala, ya tsaya a can, sannan ya gangaro bayan insulin ya iso a makare. Da na ga cewa layin yana dawowa inda ya taso bayan sa'a huɗu, sai na gane cewa yawan insulin ɗin daidai ne, lokacinsa ne bai dace ba. Da a ce an ƙara yawan don a danne ƙololuwar, da faɗuwar sukari za a gamu da ita kafin azahar.

Wannan ba fahimtata ce ni kaɗai ba. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara binciken da aka yi a kan lokacin allura, ya nuna cewa yin insulin mai saurin aiki minti 15 zuwa 20 kafin abinci yana rage hawan sukarin bayan ci da kimanin kashi 30 cikin 100 idan aka kwatanta da yin sa dab da ci. Likitoci sun daɗe suna faɗin haka. Bambancin shi ne, da faifan a dantse mutum yana gani da idonsa, kuma yana samun ƙarfin zuciyar jira. Tsoron da ke hana yawancinmu yin allura da wuri shi ne kada sukari ya faɗi kafin abinci ya iso. Idan kana kallon adadin da kibiyar da ke gefensa mai nuna inda sukarin ya dosa, kuma ka san ƙararrawa za ta yi kuka in ya sauka, jiran minti 15 ba ya zama zaman fargaba. Bayan mun zauna da likitana mun duba layukan safiya, sai muka tsara yadda tazarar za ta riƙa bin adadin da na tashi da shi: idan na tashi sukari na sama, jiran ya fi tsawo, idan yana kusa da ƙasa ko kibiya na kallon ƙasa, babu jira sam, wani lokaci ma sai an fara gyara sukarin kafin a yi batun allura. Ina jaddada cewa da likita aka tsara, domin jikin kowa da yadda yake karɓar insulin, kuma yaro ƙarami da ba a san ko zai cinye abincinsa ba yana da nasa hukuncin daban.

Dole in yi magana a kan waɗanda ba sa amfani da insulin mai saurin aiki, domin su ne suka fi yawa a cikinmu. Actrapid da ire-irensa ana yin su ne kimanin minti 30 kafin abinci, ƙarfinsu yana zuwa a makare, kuma suna daɗewa a jiki har wajen sa'a takwas. Mixtard 30 kuwa gauraye ne, kashi 30 mai gajeren aiki, kashi 70 mai dogon aiki, kuma ba a iya ƙara ɗaya ba tare da an ƙara ɗayan ba. Wanda ke kan irin wannan tsari, idan ya ƙara allurar safe don ya danne hawan bayan karin kumallo, ɓangaren mai dogon aiki zai same shi da rana. A ganina faifan ya fi yi wa irin waɗannan amfani a matsayin hujja, domin zai ba su abin da za su ajiye a gaban likita su nuna cewa tsarin allura biyu a yini ba ya riƙe safiyarsu, a tattauna ko za a koma tsarin insulin na tushe, wato mai riƙe sukari dare da rana ko ba a ci komai ba, sau ɗaya ko biyu tare da na abinci a kowane ci. Amma kada su yi tsammanin layin zai miƙe da dabarun abinci kaɗai.

Sai batun abinci, kuma a nan ne faifan ya fi ba ni mamaki, domin abubuwan da nake ɗauka ɗaya ne sun fito da layuka mabambanta. Koko shi ne ya fi komai saurin ɗaga sukari, ko da ba a zuba masa sukari ba, kuma dalilin a bayyane yake: gasara an jiƙa ta, an markaɗa, an tace dusar, sannan an dama, saboda haka babu wani aikin da ya rage wa ciki. Shayi da burodi na biye masa. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari giram 4 ne, yankan burodi ɗaya kimanin giram 15 na sitaci, garin cakulan da ake zubawa a shayi shi ma cike yake da sukari, kuma burodinmu na kasuwa da sukarinsa ake kwaɓa shi. Wanda ya zauna teburin mai shayi ya sha haɗin kauri da rabin burodi ya ci sitaci da sukarin da sun kai na cikakken abincin rana, kuma a sigar da ta fi saurin shiga jini. Kunun gyaɗa yana tashi a hankali fiye da koko saboda maiƙon gyaɗar, amma yana daɗewa a sama. Ɗumamen tuwo da miyar kuka ko kuɓewa bai yi mini saurin koko ba, sai dai a nan yawan malmalar ne ke yanke hukunci.

Wake da abin da ake yi da shi su ne suka fi zama lafiya da ni. Alale da dafaffen ƙwai suna ba da layi mai tashi a hankali wanda insulin ke iya tafiya tare da shi. Ƙosai ma haka, sai dai man suya yana jinkirta narkewar abinci, ta yadda sukarin kan ɗaga a makare, bayan sa'a uku ko huɗu, lokacin da mutum ya ɗauka an wuce wurin. Wannan jinkirin da mitar yatsa ba zan taɓa kama shi ba, domin ba lokacin aunawa ba ne. Na kuma lura cewa idan na fara da ƙosan ko ƙwan, na bar kokon ya zo daga baya, kuma na rage shi zuwa ƙaramin kofi, ƙololuwar tana raguwa sosai. Ban daina shan koko ba, kuma ba na goyon bayan masu cewa mai ciwon sukari ya bar duk abincin gidansu ya koma kan acca da ganye. Mai nau'i na ɗaya, musamman yaro mai tasowa, yana buƙatar abinci isasshe. Abin da ake nema shi ne a san awon abin da aka ci kuma a daidaita insulin da shi. Faifan ya sauƙaƙa wannan ƙwarai, domin manhajar tana ba da damar rubuta abin da aka ci da yawan allura a kan layin, gobe a maimaita abinci iri ɗaya da kofi iri ɗaya a sauya abu guda kawai a ga bambanci.

Tafiyar ƙafa ta minti 10 zuwa 15 bayan karin kumallo tana bayyana a layin nan da nan. Haka ma wurin allura: ciki ya fi cinya saurin shan insulin, kuma wurin da ya yi tauri ko ya kumbura saboda yawan allura a wuri ɗaya ba ya shan sa yadda ya kamata.

Yanzu sai in koma kan abin da ya fi damuna game da wannan na'ura, wanda kuma masu talla ba sa ambata. Ganin sukari yana hawa a gaban ido yana da nauyi a zuciya. Kibiyar da ta miƙe sama tana nufin sukari yana ƙaruwa da fiye da 2 mg/dL a kowane minti, wato fiye da 60 a cikin rabin sa'a. Wanda ya ga 220 da irin wannan kibiya sa'a ɗaya bayan karin kumallo, hannunsa zai kai kan alƙalamin insulin don ya ƙara. Amma insulin ɗin da ya yi da farko bai ma kai tsakiyar aikinsa ba. Idan ya ƙara wani a kansa, su biyun za su haɗu su yi aiki bayan abincin ya gama shiga jini, sukari ya faɗi warwas, a sha lemo a gyara, ya sake tashi, a yini ana hawa da sauka. Wannan haɗari na gaske ne, kuma na'urar ce ke kawo jarabar. Duk wanda zai saya, ya fara tambayar likitansa sa'a nawa zai jira bayan allurar abinci kafin ya yi ta gyara. Iyayen da ke bin sukarin 'ya'yansu daga nesa ta manhajar LibreLinkUp sun fi kowa buƙatar wannan gargaɗi, domin uwa da ke kallon adadi yana hawa alhali ɗanta na aji ba za ta samu natsuwa ba sai ta san cewa wani hawan na jira ne, ba na allura ba.

Akwai kuma iyakar da ke cikin yadda faifan ke aunawa. Ba jini yake taɓawa ba, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin nama yake aunawa, kuma sukarin wannan ruwa yana bin na jini a baya da 'yan mintuna, yawanci biyar zuwa goma, wani lokaci fiye. Idan sukari a tsaye yake, bambancin ba ya da yawa. Amma bayan karin kumallo, lokacin da yake gudu sama, faifan yakan nuna ƙasa da abin da ke jini, in kuma yana gangarowa ya nuna sama da shi. A lokacin gyaran faɗuwar sukari wannan na da muhimmanci ƙwarai: mutum ya sha giram 15 na sukari, ya jira minti 15 kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya duba faifan ya ga har yanzu ƙasa yake, sai ya ƙara sha, alhali jinin ya riga ya farfaɗo. A irin wannan hali yatsa ne alƙali. Kamfanin da kansa ya ce a auna da yatsa duk lokacin da abin da jiki ke ji bai yi daidai da abin da na'urar ta nuna ba. Sanannen abu ne kuma a tsakanin masu amfani da irin waɗannan na'urori cewa sakamakon ranar farko bai kai na sauran kwanaki daidaito ba, kuma kwanciya a kan hannun da faifan yake na iya sa ya nuna faɗuwar ƙarya cikin dare. Yawan shan bitamin C, fiye da miligiram 500 a yini, yana iya sa Libre 2 ya nuna adadi sama da gaskiya, abin da ya kamata mu kula da shi a lokacin hunturu da mutane ke yawan shan sa saboda mura. A 2024 ma kamfanin ya janye wani rukuni na faifan Libre 3 a Amurka saboda yana nuna adadi fiye da na gaskiya. Duk wannan ya isa hujjar cewa mitar yatsa da tsinkenta ba sa barin aljihu.

Ƙararrawar Libre 2 ita ce babban abin da ya raba shi da samfurin farko, kuma ita kaɗai ta isa a zaɓe shi a kan wancan. Ana iya saita ta faɗuwa a tsakanin 60 da 100, ta hawa kuma a tsakanin 120 da 400, kuma tana isa wayar ne matuƙar tana cikin kimanin mita 6. Ta faɗuwa ba na taɓa kashe ta. Ta hawa kuwa shawarata ita ce kada sabon shiga ya sa ta a 180 tun ranar farko, domin za ta yi ta kuka kowace safiya har ya gaji ya kashe duka biyun. Gara a fara daga sama a riƙa saukowa da ita yayin da safiyar ke gyaruwa. A kuma lura cewa na'urar da aka kunna faifan da ita, waya ko makaranci, ita ce za ta riƙa karɓar ƙararrawar.

Game da zama da shi a yanayinmu, zafi ne babban abokin gaba. Ana so a ajiye faifan da ba a buɗe ba a tsakanin digiri 4 zuwa 25, alhali a watannin Maris zuwa Mayu ɗaki ma yakan wuce haka nesa ba kusa ba. Na taɓa ganin kwalayensa jere a cikin gilashin wani kantin magani rana na dukansu, kuma ban saya a wurin ba. A duba ranar ƙarewar wa'adi, a tambayi yadda aka ajiye shi. Gumi kuma yana raunana mannewar, saboda haka a wanke wurin da sabulu marar maiƙo, a goge da sifirit, a bari ya bushe sarai kafin a ɗora, kuma kada a shafa mai a wurin. Filasta mai faɗi a kewayen faifan tana taimakawa. Yana jure ruwa har zurfin mita 1 na tsawon minti 30, don haka wanka ba matsala ba ne, kuma da yake a saman gwiwar hannu yake, bai shiga wurin da ake wankewa a alwala ba. Abin da ya fi ɓalle shi shi ne bakin ƙofa, da cire riga cikin gaggawa, da cunkoson abin hawa. Zafin da ke lalata faifai yana raunana insulin ma. Wanda ya ga safiyarsa ta lalace ba dalili, ya duba ko insulin ɗinsa ya sha zafi, domin wanda aka fara amfani da shi ba a son ya wuce digiri 30.

Wani tarnaƙi da ya kamata mai saye ya sani kafin ya biya kuɗi shi ne cewa kamfanin ya rarraba kasuwanninsa, ta yadda faifan da aka yi don wata ƙasa ba lallai ya yi aiki da makaranci ko manhajar wata ƙasar ba. Na Amurka, alal misali, ba ya aiki da makarancin Turai. Da yake da yawa daga cikin waɗanda ke hannun mutanenmu 'yan'uwa ne ke aiko su daga Ingila ko Saudiyya ko Dubai, wajibi ne a tabbatar faifai da abin karanta shi daga kasuwa ɗaya suka fito. Ba kowace waya ce kuma ke da NFC ba, kuma ba kowace mai shi ce manhajar ke karɓa ba.

Kuɗi shi ne inda maganar ke yin nauyi. Faifai ɗaya kwana 14 ne, wato guda 26 a shekara, kuma da kuɗin waje ake shigo da shi, saboda haka farashinsa yana bin canji. A Ingila hukumar lafiya ta fara biya wa wasu marasa lafiya tun 2017, kuma a 2022 aka ba da shawarar a bai wa duk mai nau'i na ɗaya irin wannan na'ura. Akwai hujjar da ke goyon bayan haka: gwajin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2016 ya nuna raguwar kashi 38 cikin 100 na lokacin da masu nau'i na ɗaya ke yi cikin faɗuwar sukari, wani kuma da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2022 ya nuna cewa masu Libre 2 sun fi masu mitar yatsa saukar HbA1c da rabin maki cikin mako 24. A wurinmu kuwa daga aljihu ake biya, a kan kuɗin insulin da sirinji da tsinken gwaji. Ba zan taɓa ba wa kowa shawarar ya rage insulin ko ya tsallake ganin likita don ya sayi faifai ba. Insulin ne rai. Faifan taimako ne.

Ga wanda ba zai iya saye duk shekara ba, hanyar da na ga ta fi riba ita ce a sayi ɗaya ko biyu a yi amfani da su da manufa. A zaɓi makonnin da babu tafiya kuma babu rashin lafiya. A 'yan kwanakin farko kada a sauya komai, a bar layin ya nuna yadda safiya take a zahiri, har da abin da ke faruwa tun daga ƙarfe uku na dare, domin idan sukari yana hawa tun kafin a ci komai, to maganar ta insulin na tushe ce, ba ta karin kumallo ba. Daga nan a kai wa likita rahoton. Manhajar tana tattara kwanakin ta fitar da zane ɗaya da ke nuna yadda yini yake kasancewa, tare da kason lokacin da sukari ya yi a cikin iyaka. Matsayar da masana na duniya suka cim ma a 2019 ita ce yawancin masu ciwon su nemi fiye da kashi 70 cikin 100 na yini a tsakanin 70 da 180, ƙasa da kashi 25 a sama da 180, kuma ƙasa da kashi 4 a ƙasa da 70. A sauran kwanakin sai a gwada sauyin da aka amince a kansa, abu ɗaya a lokaci ɗaya: tazarar allura, sai awon koko, sai jerin abin da ake fara ci, sai tafiyar ƙafa. Abin da aka koya a wannan ɗan lokaci yana ci gaba da amfani bayan an cire faifan, matuƙar abinci da insulin ba su sauya ba, kuma ana iya maimaitawa idan an sauya insulin, ko yaro ya shiga shekarun balaga, ko gabanin azumi ga wanda likita ya amince masa ya yi.

Waɗanda nake ganin ya kamata iyali su haɗa ƙarfi su riƙe musu shi ba yankewa su ne ƙananan yara daga shekara 4, wanda shi ne mafi ƙarancin shekarun da aka amince da Libre 2, da mata masu juna biyu a ƙarƙashin kulawar asibiti, da wanda ya daina jin alamun faɗuwar sukari a jikinsa. Wanda kuma ko faifai ɗaya ya fi ƙarfinsa, zai iya samun kaso mai kyau na wannan ilimi da mitar yatsa, idan ya ware wasu safiyoyi ya auna kafin ya ci, da bayan sa'a ɗaya, da bayan biyu, da bayan huɗu, ya rubuta kowane adadi tare da abin da ya ci da lokacin da ya yi allura, sannan ya tafi da littafin ranar asibiti.